Sha Huɗu da Ɗigo Biyu

Da igiya aka jawo ta garejinmu, bayan Gidan Mai,
ja, kujera biyu, ba rufi,
gajeriya, har ƙuguna ya fi ƙofarta tsawo.
Gwamma ta ce motar babanta ce.
Shekara sha tara yana wanke wa wani Baturen kuza ita,
ranar tafiya aka miƙa masa makulli a madadin sallama.

Injinta ya daɗe da cikawa.
Buba makaniki ya ɗora mata na Toyota, ɗan Kwatano,
ya yanka, ya yi walda, ya zagi kusoshi,
ya goge hannu a wando ya ce:
Barau, saura wuta, wannan taka ce.

Na sauke tsohon dinamo, nauyi kamar dutsen niƙa.
Shi ba ya ba da wuta sai an taka mota,
in ta tsaya a sulo sai ya yi gum,
fitilu su kaɗa kamar idon mai zazzaɓi.
Altaneta kuwa yaro ne,
fambel na taɓa shi ya fara ɓarin wuta.

Ga wata rigima:
masu ƙera ta jan kan batir suka ɗaure a jikin ƙarfe,
alhali duk duniya baƙin take ɗaurewa.
Kwana biyu ina juya mata jini,
waya bayan waya,
rigar kowacce tana marmashewa a yatsuna kamar ƙuli.

Sai na iso ga baƙin akwati a bango, kat-awut.
Na buɗe. Naɗi biyu na tagulla,
da harshe siriri mai taɓawa ya saki.
Aikinsa ɗaya tun kafin a haifi Gwamma:
in wuta ta fara girman kai, ya ce ya isa.
Ba don shi ba, da batir ya tafasa,
ƙwayayen fitila sun fashe kafin a kai Liman Katagum.
Kogi ma, gaɓa ce ta hana a kira shi ambaliya.

Amma yaron da mai tsawatar masa ya zo,
a cikin cikinsa, bai kai akwatin ashana ba.
Ba ya motsi, ba ya ƙara, ba a gyara shi.
In ya mutu, bola.

Na ɗauko sukundireba.
Gwamma ta ce, kar ka cire.
Nan babana yake kara kunne da sassafe,
in ya ji ƙas, sai ya ce an tashi lafiya.

To.
Na kwashe masa hanji, na bar ƙoƙon,
na ratsa wayoyi ta ciki su wuce abinsu,
na mayar da murfi,
har na goge shi da tsumma mai ɗan baƙin mai.

Ɗanliti ne ya riƙe mita,
don idona ya daina raba uku da takwas.
Buba ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta ɗauka.
Sha huɗu da ɗigo biyu, Oga.
Taka ta.
Sha huɗu da ɗigo biyu.
Kunna fitilu, danna ham.
Tana nan, Oga, ba ta gusa ba.

Gwamma ta sunkuya ta kara kunne a akwatin.
Ban san me ta ji ba.
Ta ɗaure ɗankwali tamau, ta hau hanyar Dass,
ƙarar Japan a cikin ƙirjin Ingila.

Na koma bencina na ƙarƙashin dalbejiya,
inda masu mota suke durƙusawa su gaishe ni
kafin su miƙa wa Ɗanliti makulli.
Naɗin tagullar nan biyu suna aljihuna.
Mai gwangwan ya zo da sikeli da la'asar,
na ce masa yau babu komai.